Maganin Bindigar Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, sojan doki ne a zamaninsa, cikin masu sintiri a dajin arewacin Filinge. Wata rana ɓarayin shanu suka yi musu kwanton ɓauna can bayan Abala. Kowa ya juya linzami, shi kuwa ya koma cikin ruwan harsashi, ya ɗauko abokinsa da ya faɗi, ya aza shi bisa doki ya fito da shi. A kan haka aka maƙala masa lambar yabo a Yamai.

Tun daga ranar mutanen yankinmu na Kurfai suka yanke hukunci cewa harsashi ba ya kama shi. Dangin uwarsa na ƙauye, masu bori, suka ce wankan magani ne da suka yi masa yana yaro. Malamin unguwa ya ce rubutunsa ne. Kowa ya yagi rabonsa a jaruntar, mai ita dai ba a bar masa komai ba. In ya ce babu wani magani sai a yi dariya, ai mai abu ba ya cewa yana da shi.

Ni ma da wannan labari na girma. Saboda haka da aka ɗauki ɗana soja, ya gama horo, aka ce can wajen Abala za a tura su, ban tsaya shawara da kowa ba. Na ɗaure goro a bakin zane na tafi gidan Kawu. Na same shi a rumfa yana tufka igiya, ko da yake rabonsa da doki har an manta. Ya karɓi goron, ya ci, ya yaba daɗinsa, sannan ya ce ba shi da abin da nake nema.

Raina ya ɓaci. Na yi ta zarya har takalmina ya san hanya. Na tura mahaifiyata, ta dawo da amsa iri ɗaya. Na ce a raina wannan rowa ta yi yawa, tsoho ƙafa ɗaya a kabari, me zai yi da maganin bindiga?

Ana gobe yaron zai tafi na koma, kuma a ranar kunya ta ƙare mini.

“Kawu, ɗa guda gare ni. In ba ka ba jikanka ba, wa za ka ba?”

Ya leƙa ya ga ba kowa a tsakar gida, sai ya ɗaga rigarsa. A ƙasan haƙarƙarinsa akwai wani tabo mai zurfi, ya juya, ga wani a baya da ya fi shi muni.

“Ɗiyata, nan ya shiga, nan ya hita. Wanga shi na maganin da kike biɗa.”

Ashe daɗewar da ya yi a Yamai, da muke cewa liyafar manya yake ci, a gadon asibiti ya yi ta. Na tambaye shi, to in ya san harsashi na kama shi, me ya mayar da shi ɗauko abokin nasa? Ya ce tsoro kam ya ji har cikin hanjinsa. “Amma ban san mi zan hwaɗa ma uwatai ba in na komo ban da shi.” Ya ƙara da cewa waɗanda ya ga sun dogara da laya sun tsaya ƙiƙam a gaban bindiga, babu wanda ya tsufa a cikinsu.

Da safe ya dogara sandarsa har tasha. Ya ja kunnen yaron da wasan kaka da jika, ya ce in an ce kwanta, ya manne da ƙasa kamar ƙadangare, kada ya yi wa kowa burga. Iyakar guzurin da ya ba shi ke nan.

Yanzu ranar kasuwa mata kan tare ni su ce ni kam hankalina kwance, ɗana jikan mai maganin bindiga ne. Nakan ce alhamdulillahi in wuce. Na san gaskiya Kawu ya faɗa mini, na kuma san don yaron ya faɗe ta. Amma har yau ina jin haushinsa. Me zai rage shi da shi in ya ƙunsa toka a fata ya miƙo mini, ni dai in samu barci?