Jinin da Baba ya yarda da shi

Babana maƙeri ne a Goronyo, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Ashe har jininsa haka yake.

Shekarar da za a yi masa aiki a ciki, likita ya ce sai an tanadi jini. A wajenmu ba a gayyata, ji kawai ake yi. Dangi suka ciko mota daga Taloka, har da kawuna da ke sumewa in ya ga allura, kowa na naɗe hannun riga yana cika baki.

Aka gwada na kowa da na Baba, duk ya ƙi. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce rukuninmu ɗaya da shi, amma ƙarin jinin da aka taɓa yi masa ya sa jikinsa ya ƙera makaman da ba kasafai ake gani ba, masu farfasa baƙon jini. Nan na tuna ƙari na biyu da aka yi masa a baya, yadda ya kama makyarkyata, fitsarinsa ya koma kamar zoɓo. Ta ce in aka kuskure wannan karon, ƙoda na iya tafiya, ko rai. Gaskiya na ji tsoro.

Kawu kuwa haushi ya ji. "Mi ag ga jininmu? Ba gida guda munka hito ba?"

Ana haka sai ga wani Buzu da ke sayar da shayi a bakin maƙerarmu, ya zo asibiti dubiya da butarsa. Tsakanin maƙera da Buzaye akwai wasa tun kakanni, su biyun kuma kullum sai sun yi musun wane ne ubangidan wani.

"Bawana, an ce jininka ya ƙi 'yan'uwanka," in ji shi. "A gwada na ubangidanka."

Muka yi dariya, aka ɗiba don kada a kunyata shi. Sai ga shi jininsa ya dace da na Baba.

Baba ya juya fuska bango. "Ku bar ni in mutu da mutuncina."

Bai mutu ba. Jinin ya shiga lafiya, ko gumi bai yi ba. Da ya koma maƙera, Buzu ya miƙo masa shayi ya ce, "Riƙa aiki sannu, kayana na cikinka."

Baba ya buɗe baki zai rama kamar kullum, sai ya fasa. Ya kama hannun mutumin da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.