Ja da Yalo a Kaskon Kaji

Kajina duka jikokin kaza ɗaya ne. Mahaifiyata ce ta ba ni ita lokacin da maigidana ya sami aikin masinja a wata ma'aikata, muka taso Kaduna muka kama haya a Unguwar Shanu. Ta ɗaure mata ƙafafu da tsumma ta sa ta a kwando. Ita kazar ta daɗe da tafiya, Inna ma Allah ya yi mata rasuwa, amma irin bai yanke ba. Kullum akwai wake-wake kamar uwarsu a bayan ɗakina. Su ne abin da ya rage mini daga hannun Inna, kuma babban abin da nake tsoro shi ne su ƙare a hannuna.

Wata damina ɗan'uwan maigidana ya zo daga ƙauye da tsarabar zakara. Maigidan ya ce a bar shi sai Juma'a. Na ga yana lumshe ido, na ce gajiyar mota ce. Akurki ɗaya gare mu, ga ruwa ana ta shekawa, sai na sa shi cikin nawa. Zakaran bai kai Juma'ar ba. Bayansa kaji suka fara atishawa, suna numfashi kamar mai minshari, kashinsu ya koma kore, fikafikai a sake.

Katangarmu ɗaya da gidan wani malamin allo. Matarsa ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ta leƙo ta same ni tsugune a bakin akurki.

"Ke dai kin cika tsoro," in ji ta. "Ja da yalo za ki sayo a kemis, ki ɓare a kaskon ruwansu. Haka kowa yake yi."

"Yaya, ai maganin mutane ne."

"To kaza aljana ce? Abin da ya warkar da mai kaza ai zai warkar da kazar."

Na sayo, na ɓare, ruwan ya koma rawaya. Masu lafiyar suka sha, marasa lafiyar ko kallon kaskon ba su yi ba. Sai na riƙa buɗe musu baki ina ɗiga musu da cokali a hankali, kada in shaƙe su. Kuma ban san iyakar abin da ya kamata in zuba ba. In na zuba kaɗan sai in ce bai isa ba, in na ƙara sai in ce na kashe su da hannuna.

Da na ga ba sauƙi, na hau Keke zuwa wani shagon maganin dabbobi a Kinkinau. Mai shagon ya saurare ni, ya miƙo mini garin magani a 'yar leda. Ya ce in har ciwon da yake zato ne, rigakafi ne kaɗai maganinsa tun kafin ya zo, wannan garin taimako kawai zai yi. Har na juya ya kira ni.

"Hajiya, kada ku ci namansu ko ƙwansu yanzu. Sai kin daina ba su maganin, an yi kamar mako, ya fita daga jikinsu."

"In an ci fa?"

"Ba kyau, musamman ga yara."

"Me zai same su? Yanzu ko nan gaba? In an dafa sosai fa?"

"Hajiya, na dai gaya miki. Ki bar ni in sallami mutane."

Da wannan maganar na koma gida, kuma ita ta hana ni sakat. A unguwarmu in kaza ta fara layi ba a jira, maza ake kiran namiji ya yanka kafin ta zama mushe. Da rana mazan layin duk suna wurin aiki, Malam ne yake yi mana yanka. Ranar da ta farko ta kwanta, Yaya ta turo shi da wuƙarsa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai magani a jikinta. An ce kada a ci."

Ya ce, "In dai da sauran rai, yanka ya halatta ta. Batun magani kuwa, ba a littafina yake ba. Ki yanke shawara, ba ta da lokaci."

Na tsaya ina kallonta. In an yanka, dole a dafa, yarana su ci. In an yanka an zubar, na yi almubazzaranci. In na bayar sadaka, na kai wa wani abin da na ƙi wa 'ya'yana. Ina cikin wannan tunanin ta miƙe ƙafa. Malam ya mayar da wuƙarsa kube ya fita.

Da maigidan ya dawo ya ji labari, ransa ya ɓaci. "Ke, tun muna yara muke cin kazar da ta sha magani, ga mu nan da ranmu."

"Amma yaran fa?"

"Su ba 'ya'yan mutane ba ne? To ki daina ba su maganin, makon ya wuce mu ci."

Na kasa. In na daina, gani nake na sallama su ga mutuwa. In na ci gaba, makon ba zai taɓa farawa ba. Na ci gaba da ɗigawa, su kuma suka ci gaba da faɗuwa, yau wannan gobe waccan. Wata wuyanta ya murɗe, tana ta juyawa a wuri ɗaya. Nakan haƙa rami a gindin katanga in binne, don kada in jefa a bola kajin wasu su tona.

"Gidanku ne kaɗai ake yi wa kaji jana'iza a unguwar nan," in ji Yaya. "Saura ki kira Malam ya sallace su."

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Akwai 'yan ƙwai da suka saka a farkon ciwon, waɗanda na hana kowa taɓawa. Na adana su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi. Da kazata ta ƙarshe ta mutu, sai na tuna kazar Yaya ta fara kwanci. Na roƙe ta a sa mata nawa.

"Kawo, uwar tausayi. In sun ƙyanƙyashe mu raba, amma ni zan fara zaɓa."

Na wanke ƙafafuna da sabulu kafin in shiga gidanta, na canja zane. Daga ranar ban sake shiga ba, don kada in kai musu ciwon. Ta kan katanga nake tambaya safe da yamma, tana ce mini kazar tana nan kwance a kan ƙwan, in bar ta ta huta da tambaya.

Amma kajin layinmu tare suke kiwo a kwata ɗaya, ciwon ya riga ya zaga. Ana gab da ƙyanƙyasa kazar Yaya ta tashi daga kan ƙwan, ta koma gefe ta saki fikafikai. Malam ya yanka ta tun da sauran ƙarfinta, suka yi farfesu. Yaya ta aiko mini a kwano, na yi godiya, na rufe na ajiye wa maigidan.

Ƙwan sun riga sun yi sanyi kafin a lura. Yaya ta miƙo mini ƙwaryar ta kan katanga. Na fasa ɗaya a kan dutsen wanki. Ɗan tsako ne a dunƙule, da baki da ƙafafu, har gashi ya fito masa. Ban fasa sauran ba.

Maigidan ya ce in albashi ya shigo zai sayo mini wasu a kasuwa, har da na Turawa in ina so. Na ce ya bar shi. Ya sake tayar da maganar bayan Sallah, na sake cewa ya bar shi, daga nan bai ƙara ba. Langa-langar akurkin muka cire muka toshe yoyon ɗakin girki.