Ranar da Aka Bar Rimok a Bakin Garinmu

Duk lokacin da babbar mota ta tsaya a tashar Magarya ta saki iska, "fsss", sai gabana ya faɗi. Na manyanta, amma ƙarar nan tana mayar da ni wata damina a ƙauyenmu, can wajen Bande, ina ƴar yarinya.

Shekarar ƙarancin abinci ce. Gero ya yi kore a gona, rumbuna kuwa babu komai, tafasa muke ci da ɗan garin rogo. Babanmu ya tafi ci-rani Kano bai dawo ba. Innarmu ta kwana biyu tana naƙuda, har ungozoma ta fito ta gaya wa kakanmu cewa in ba a kai ta likita ba, to ita ta cire hannunta. Amalanke ba zai iya ratsa laka ba.

Da hantsi sai ga kamiyo, babbar motar kaya ta sojoji, yana jan rimok, wato akwatin kaya mai ƙafafu da ake ɗaura masa a baya, shaƙe da buhunan hatsin taimako na wani gari gaba da mu. A daidai bakin gari muka ji wani abu ya fashe, iska ta yi ta huci, ƙafafun rimok suka kafe suna jan ƙasa, motar ta tsaya cik.

Sojoji biyu ne, shofer, wato direba, mai furfura da wani saurayi riƙe da bindiga. Kaka ya ja hannuna muka je. Tsakanin mota da rimok akwai tiyo biyu, ja da rawaya, kowanne da kan ƙarfe kamar tafin hannu da ake haɗawa a murɗa. Kututture ya yaga jan.

"Baba, wannan jan shi ke ba rimok iska," in ji shofer. "Rawayan kuwa saƙo yake kaiwa in na taka birki. In jan ya yanke, rimok kan kama ƙafafunta da kanta, don kada ta gangara ta kashe mutane. Ba mai motsa ta sai an sake tiyo."

Kaka ya ce, "Motar ita kaɗai fa, ɗana, za ta tafi? Surukata na mutuwa a ɗaki."

Shofer ya dubi buhunan, ya dubi mutanen da suka fara taruwa. Ya ce an hana su rabuwa da kaya. Kaka ya ce shi zai zauna gadi, ko ƙwaya ɗaya ta ɓata a kama shi.

Shofer ya gyaɗa kai. Sannan ya sa aka toshe ƙafafun rimok da duwatsu, ya murɗe kan jan tiyo ya cire, ya cire rawayan, ya rufe bakin iskar ta wajen mota, ya zare ƙarfen ɗaurin. Aka kinkimo inna a tabarma aka sa ta a mota, leɓunanta sun yi fari. Sai motar ta ƙi tashi daga wurin, domin ita ma iskarta ta tsiyaye. Injin na kuka, shofer ya zuba wa allurar ma'aunin iska ido, wai sai ta hau kafin birki ya saki. Ina jin nishin inna yana ta raguwa. Ban san tsawon jiran nan ba, na dai ciji bakin zanena har ya huje. Daga ƙarshe motar ta motsa.

Aka bar mu da hatsi da saurayin soja. Rana ta take, jama'a suka kewaye mu. Ƙamshin gero yana fitowa daga buhunan. Kaka ya shimfiɗa buzunsa a gindin rimok ya zauna.

Maƙwabcinmu, wanda ya binne ƙaramar ƴarsa a makon, ya matso da ƙwarya a hannu. Na ga sojan ya gyara riƙon bindiga. Kaka ya miƙe ya tsaya tsakaninsu.

"Baba, tiya ɗaya kawai," in ji mutumin.

"Na yi alkawari," in ji kaka. "Koma gida."

Suka daɗe suna duban juna. Mutumin ya kife ƙwaryar a ƙasa ya juya, sauran suka bi shi ɗaya-ɗaya.

Bayan la'asar shofer ya dawo da sabon tiyo. Ya ce an yi wa inna aiki ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ya haɗa rawayan, ya haɗa jan, iska ta shiga, ƙafafun suka saki, hatsi ya wuce muna kallo.

Maƙwabcin nan bai ƙara gaida kaka ba, ko jana'izarsa bai zo ba. Yanzu akwai likita kusa, waya ɗaya ake bugawa mota ta zo. Inna ta tsufa a ɗakina, tana goyon jikokinta. Ƴaƴan mutumin kuwa duk sun bar garin. In na haɗu da ɗayansu a kasuwar Dungas ni nake fara gaisuwa, kuma har yau ban iya dubansu ido cikin ido.