Bokiti a Shafin Farko

Ba na mantawa da ranar da Alhaji Nasiru ya tara mu a ofishinmu na unguwar Sanyuanli a Chana ya ce zamanin yawon kasuwa ya wuce. A daminar 2008 ne, ana dab da wasannin Olamfik, biza ta yi wuya, 'yan kasuwar Kano da muke yi wa sayayya suka kasa shigowa. Ga azumi ya matso, lokacin da kayan sallah ya kamata su tashi daga filin jirgin Baiyun.

Aikina shi ne duba kaya. Kafin a saya wa mutum yadi, ni zan je shago in murza shi, in ɗaga shi a haske, in yanki ƙyalle in jiƙa, sannan in bugo waya in faɗi abin da na gani. Shekara shida ina wannan. Ranar sai Alhaji ya gabatar mana da Mista Lin, mai haɗa shafukan intanet, ya ce daga yau kwastoma zai zauna a Kano ya zaɓi kayansa da kansa.

"Shafi ba ya cin abinci, Sani, kuma ba ya neman biza," in ji shi. "Idan ya kankama, ƙarshen wata sai mu duba maganar tikitinka na gida."

Na ce to, Alhaji. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don sallamata daga aiki yake nufi, ga shi a lokacin matata ta haihu ke nan.

Shafin kuwa ya sha ado. Kana buɗewa kiɗa zai tashi, wani jan dodo ya fito yana juyi, wuta ta tartsatse, sannan hoton Alhaji ya sauko daga sama yana murmushi. Hotunan yadin daga kundin tallar masana'anta aka kwaso su, kwamfuta ta ƙara musu ƙyalli. Ƙarƙashin kowane yadi magana ɗaya ce: mafi kyau a duniya. Na tambayi Mista Lin ina za a rubuta nauyin yadi da ko launinsa yana zuba. Ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo, meyo," wato babu. Wurin ya cike da dodo.

Wadda aka fara aika wa adireshin ita ce Hajiya Turai, mai shaguna a kasuwar Kwari, wadda rabin kayan da muke lodi nata ne. Kwana biyu shiru. Rana ta uku, mun dawo daga Juma'a a masallacin Huaisheng, waya ta yi ƙara. Alhaji ya sa ta a sifika don mu ji yabo da kunnenmu.

"Alhaji Nasiru, gidan rawa ka buɗe ne a Chana?"

"Wane irin gidan rawa, Hajiya?"

"Na je kafen intanet na zauna har ƙafata ta yi sanyi, wani ƙadangare yana ta juya mini. Da ya gama aka ɗauke wuta. Aka ta da janareta, ƙadangaren ya dawo daga farko. Da ƙyar na ga leshi ɗaya, shi ma a jikin wata yarinya a bakin teku, ko gwiwarta bai rufe ba. Wannan zan kai wa matan Kano su je idi?"

Alhaji ya fara bayanin fasaha. Ta katse shi.

"Yana zuba ko ba ya zuba? Shara-shara ne ko mai kauri? In ba mai gaya mini, akwai masu jirana a Dubai. Ina Sani?"

Alhaji ya dube ni kamar ranar ya fara ganina, ya miƙo wayar. Na gaishe ta, na ce ta ba ni zuwa gobe da azahar.

Washegari na ɗauki bokitin da muke goge ofis da shi da sabulu, na tafi shagon leshin. Laoban, wato mai shagon, ya san halina, yana ganin bokiti ya fara tsaki. Na yanki ƙyalle biyar na wanke ɗaya bayan ɗaya. Huɗu ruwansu ya fito tas. Na biyar, wanda ya fi kowanne ƙyalli a shafinmu, ya mai da ruwan kamar zoɓo. Na ɗauki hotuna da ƙaramar kyamarata: kowane yadi a bakin taga, tafin hannuna a bayansa don a ga kaurinsa, sai ruwan bokitin. Na rage musu nauyi yadda za su buɗe a kafe, na rubuta layi bibbiyu da Hausa, na tura ta imel. Sannan na kira ta na murza yadin a bakin waya ta ji sautinsa.

"Yawwa, ɗan albarka," ta ce. "Ɗauko mini huɗun, na biyar ka bar wa ƙadangare ya ɗinka."

Kayan suka tashi a makon. Maganar tikitina ba ta sake tasowa ba, ni ma ban tuna wa kowa ba. Abin da ya biyo baya shi ne Hajiya ta nuna wa maƙwabtanta hoton jan ruwan, suka fara kira suna cewa a haɗa su da mai bokiti.

Ku da kuke tallar kaya a waya yanzu, abin da na koya ke nan: intanet ɗin ce ta kai hotunana Kano cikin minti biyu, ban raina ta ba. Amma mai saye tambaya ce da shi, kuma duk kiɗan da ka sa masa, amsarta yake jira.

Alhaji ma ya koyi nasa darasin, daidai gwargwado. Ya kira Mista Lin ya ce a cire dodon, a sa hoton bokitina a shafin farko. Na ji daɗi har na fara yi masa godiya. Sai ya kalli allon, ya juya wajen Mista Lin ya ce, "Amma ba za a iya sa bokitin ya riƙa juyawa ba?"