Fasinjan da Ya Ƙi Zama a Keke

Ban taɓa mantawa da ranar da fasinja ya ɓace mini a filin jirgin Doha ba. Lokacin ban daɗe a sashenmu na masu tura keken marasa lafiya ba. Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idarmu ita ce: da zarar an danƙa maka fasinja a bakin jirgi, amanarsa tana wuyanka har ka miƙa shi ga ma'aikatan jirgi na gaba. In ya rasa jirginsa, kai za a tuhuma.

Da hantsi aka ba ni wani dattijo da ya haura casa'in, daga wata ƙasa ta gaɓar teku a Afirka ta Yamma. 'Yarsa ce ke raka shi Indiya a yi masa aikin zuciya. Na gaishe shi da Turanci, ya dubi sunana a ƙirji, ya ce, "Sanusi, ina gajiya?" da Hausa tsantsa. Ashe a kurkukun Turawa ya koye ta, wajen gandirobobi Hausawa.

Na kawo keke, ya ce atafau ba zai zauna ba. Ya kama hannun keken yana turawa da kansa, muna tafe kamar hawainiya. A hanya 'yar ta ba ni labarinsa. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya shiga jam'iyyar kwaminisanci tun yana saurayi, ya jagoranci yajin aiki, Turawa suka ɗaure shi. Da aka samu 'yanci ya zama ɗan majalisa, daga baya abokan gwagwarmayarsa da suka hau mulki su ma suka ɗaure shi. Mahaifinsa kuwa yana cikin masu ɗaukar Baturen mulki a kafaɗa in za shi rangadi, shi ya sa ya rantse babu ɗan Adam da zai ɗauke shi.

Muka ajiye shi a kujera, na raka 'yar wajen teburin kamfanin jirgi don a tabbatar da takardar likita, kamar yadda doka ta ce. Muka juyo, babu dattijo, babu keke. Na duba banɗaki da masallaci, na kira shugabar aikinmu a oba-oba. Ta ce, "Yalla, yi sauri, Sanusi, an fara shiga jirgi. In aka rufe ƙofa, khalas, shi ke nan." 'Yar tana kuka, tana cewa in suka rasa wannan jirgi sun rasa ranar aikin.

Wani mai gadi ɗan Katsina ne ya nuna mini lungun da masu shara ke ajiye kayansu. Can na tarar da shi zaune kan bokiti, keken a gefensa, 'yan Nepal da 'yan Uganda sun kewaye shi, yana tambayarsu lokacin tashinsu daga aiki da wanda ke sauraron kukansu. Sai da na jingina da bango na yi hamdala.

Amma ƙofar da nisa, da ƙafa ba za mu kai ba. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah ka zauna."

Ya ce, "Ɗana, Turawa ma ba su tanƙwara ni ba."

Na ce, "Baba, in ka rasa jirgin nan, ni za a sallama. Iyalina suna Gusau, da aikin nan suke ci."

Ya dube ni. Sai ya miƙa mini hannu na ɗaga shi, ya zauna a keken, ya ce, "Ban taɓa jawo wa ma'aikaci kora ba. Tura, Kwamared."

Ban taɓa gudu da keke irin na ranar ba. Mu ne na ƙarshe da aka karɓa. Shugabarmu ta kira ta ji ya aka ƙare, na fashe da dariya.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata ke nan: wanda ya ƙi zama a keke ba lallai taurin kai ke damunsa ba. Akwai abin da yake karewa, kuma ya girme ka. Ka tambaya, ka saurara, sannan ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki. Yawancinsu za su zauna.