Gefen Hagu na Sitiyarin da Malam Bukar Ya Duba

Ina goge gilashin mota a ƙofar Kantin Kwari da hantsin Talata sai na hango Okoro, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, yana tahowa a ƙasa yana jan kekensa, shi da ko maƙwabta zai leƙa sai ya hau. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Bello, Baba Bukar ya tafi, da asuba." Na yi salati, tsumman ya faɗi daga hannuna, na kasa sunkuyawa in ɗauka.

Malam Bukar makanike ne, Babarbare, yana goye aka zo da shi Fagge. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin Sabon Gari. Ni kuwa Bafillace ne, saboda haka tun da muka san juna ba ya kirana sai da "bawana", ni ma ba na raga masa. Yana da wata al'ada da direbobi ba sa so: ba ya buɗe bonet sai ya fara zama a kujerar direba ya riƙe sitiyari, ya duba shi. Yakan ce, "Mota ba ta yi mini ƙarya, direba ne ke yi."

Ni ma na yi masa. Na dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, da hannun hagu mai ɗaukar cokali amma ba ya ɗaukar bokiti, kuma ban da matata babu wanda ya sani. Babbar mota ta fi ƙarfina. Sai Allah ya sa wani Alhaji mai fataucin atamfa ya sayi tsohuwar motar Amurka a hannun wani Bature da zai koma gida. Giya da kanta take canzawa, sitiyarinta kuma yana da famfo mai tura mai, da yatsa ɗaya ake juya shi. Alhaji ya ɗauke ni direba. Da wannan mota nake ci da iyalina, da ita kuma nake ɓoye hannuna.

Shekara uku ke nan, sitiyarin ya fara kuka a kwana, yana nauyi yana saki. Na kai wa Malam Bukar. Tiyon da ke kai mai ne ya tsage, Okoro kuma ya ce babu irinsa a Kano, sai an aika Ikko a jira jirgin ruwa. Malam ya yanko bututun tagulla ya yi masa walda, ya karɓo fata a wurin dukawa ya yanka ya toshe bakin. Sitiyari ya koma kamar da. Na miƙa hannu in karɓi makulli, ya ƙi ba ni.

Ya ce, "Bello, zauna."

Na zauna, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Ya nuna mini sitiyarin. Gefen dama ya goge har ya yi fari, gefen hagu yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi daga kanti. Ya ce, "Me ya sami hannun?" Na faɗa masa, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce, "Wannan gyaran jira ne. Ran da ya fashe, sitiyarin nan zai fi na babbar mota nauyi, kuma 'ya'yan mutane kake ɗauka. Na ba ka Lahadi uku. Ko ka gaya wa Alhaji da bakinka, ko ni in gaya masa." Wallahi a ranar na tsane shi, na fita ko sallama ban yi masa ba.

Amma Lahadi da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana. Ya kai ni wani fili a hanyar filin jirgi, ya cire bel ɗin famfo ya sa a aljihu, ya ce in tuƙa. Na ja sitiyari kamar ina jan ƙofar gari, gumi yana shiga mini ido. Yana gefe yana faɗa: "Birki tukuna, sannan kwana. Kada ka murɗa tana tsaye, bar ta ta gangara. Zura damtsen hagun cikin sitiyari ka danna da kafaɗa, ai kafaɗar ba ta je Bama ba!" Haka muka yi Lahadi biyu. Kullum in zai sauka sai ya ce, "Ka faɗa?" In ce tukuna. Sai ya ɗaga mini yatsu adadin Lahadin da suka rage.

Ran Alhamis, saura kwana uku wa'adin ya cika, na ɗauko 'ya'yan Alhaji uku daga gidan kakarsu. A kwanar Bata na ji wani abu ya ce fus a ƙarƙashin bonet, sitiyari ya sandare. Ga amalanke shaƙe da dilolin atamfa a gabana, ga mata masu gyaɗa a bakin titi, motar kuma ta nufe su kai tsaye. Ban yi tunani ba, muryarsa kawai na ji. Na taka birki, na zura damtse, na danna da kafaɗa har na ji wani abu ya tsinke mini a wuya. Motar ta karkata ta tsaya. Tsakanin tayata da farantin wata tsohuwa bai kai taki ɗaya ba, yaran kuwa dariya suke a baya, sun ɗauka wasa nake.

Da yammacin ranar na durƙusa a gaban Alhaji a shagonsa, na naɗe hannun riga na faɗa masa komai. Ya aika aka kira Malam Bukar, ya tambaye shi, "Malam, kai za ka sa 'ya'yanka a motar da wannan yake ja?" Na sunkuyar da kai, don na san ba zai yi ƙarya saboda ni ba. Malam ya ce, "Da jiya ka tambaye ni, Alhaji, da na ce a'a. Yau zan sa, amma sai sabon tiyo ya iso." Wata biyu motar tana ajiye ina dako a shago. Da tiyon ya zo, Alhaji ya miƙo mini makulli, Malam kuma ya ce, "Tashi, bawana, ka tafi aiki."

Ranar Talatar nan da aka fito da shi za a kai shi makwancinsa, mutanen Fagge da na Sabon Gari suna ta karɓa-karɓar makara. Da layi ya zo kaina wani ya matsa mini gefen da zan kama da dama. Na zagaya ɗaya gefen, na sa kafaɗar hagu, ban ba kowa ba sai a bakin kabari.

Ya Allah, Bukar ya rufa mini asiri bai kuma yarda in cuci kowa ba, Ka rufa masa nasa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Inna Falmata matarsa da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu. Amin.