Tocilar da Iya Ta Zaɓa

Ina da shekara tara aka kai ni riƙo wajen kakata a Gagarawa. Iya muke ce mata. A lokacin wutar lantarki sai dai mu ji labarinta a bakin waɗanda suka je Kano, don haka da an yi sallar isha'i an ci tuwo, sai mu zagaye murhunta, ni da 'ya'yan maƙwabta. Takan tura gyaɗa cikin toka mai zafi, ta miƙe ƙafa, ta ce duk wanda ya tono ta kafin ta gasu, ba shi ba tatsuniya.

Wata Juma'a autanta, Kawu Sani, wanda ke koyarwa a Gumel, ya zo gaishe ta. Ya je kasuwar Maigatari ya sayo tocila biyu. Ɗaya ƙatuwa mai batir uku, tana ta walƙiya, ita ya sayo wa Iya. Ɗayar kuwa 'yar mitsitsiya ce mai batir ɗaya, ba ta wuce tsawon yatsa ba, ya saya don aljihunsa. Ya shimfiɗe su a tabarma, cikin raha ya ce, "Inna, zaɓi."

Iya ta ɗaga babbar ta jinjina ta ajiye. Ta ɗauki ƙaramar, ta kunna ta kashe, ta ce makunnin da ɗan tauri, ba za ta kunna kanta ba. Ta tambaya ko mai tebur na tasha yana sayar da irin batirinta. Da aka ce yana sayarwa, sai ta zura ta cikin lalitar da take ɗaurawa a ƙugu.

"Haba Inna! Wannan ai ko bakin zaure ba za ta haska miki ba."

"Auta, zauna ka ci gyaɗa," in ji ta. Sannan ta dube mu. "To, ga wata nan ta taso daga nesa."

Muka haɗa baki, "Ta ƙaraso, Iya!"

Ta ce wai a wani gari aka kwana bakwai ana ruwa, har wuta ta mutu a kowane murhu. Aka rasa abin dafa wa yara kunu. Sai aka aiki 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, su ɗebo wuta a wani ƙauye mai nisa. Da suka isa, tsohuwar da suka tarar ta ce kowa ta ɗauki yadda take so. Yayar ta haɗa damin kara ta cinna masa, ta kama hanya, wuta na tashi sama, mutanen gona suna tsayawa kallo. Ƙanwar kuwa garwashi ɗaya ta roƙa. Ta sa shi a kasko, ta lulluɓe da toka, ta rungume a ƙirji. In ta yi tafiya sai ta tsuguna ta hura, ta ƙara masa busasshen kashin shanu. Kafin rabin hanya kara ya cinye, ya ƙone wa yayar yatsu, ta jefar. Ƙanwar ta tarar da ita tana kuka a gindin kuka, ta kama hannunta suka shiga gari tare, kuma da garwashin nan kowane gida ya ɗora tukunya.

"Nan ta tsaya," in ji Iya, "wanda bai ƙoshi ba ya ƙara da gyaɗa." Kawu Sani ya yi dariya, ya ce ya ji, da shi ake. Ta ce ya tafi da babbar, mai keke ne ke buƙatar ganin nesa.

Bayan kamar wata biyu muka je Gagarawa Tasha rakiyar wata gwaggona. Da rana tsaka, muna jiran jirgi, barci ya ɗauke ni a kan buhunan gero. Na farka da ihu. Wani ƙwaro ya shige mini kunnen hagu, yana fiffike a ciki kamar ana buga ganga a tsakiyar kaina. Mutane suka taru. Wata ta ce a zuba ruwa, wani dattijo har ya karyo tsinke zai sa mini.

Iya ta riƙe hannunsa. "Malam, yi haƙuri, kunne ba rami ba ne."

Ta kwantar da kaina a cinyarta, ta rufe mu da mayafinta har ciki ya yi duhu, ta kwance lalita ta ciro 'yar tocilar. Ina jin numfashinta a kumatuna tana cewa, "Yi shiru, 'yar nan, bari ya ga hanya." Ta haska bakin kunnen ta jira. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji motsin yana matsowa waje, sai ga shi ya fito yana bin hasken. Ta make shi da tafin hannu, ta share mini hawaye, ta saya mini rake.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan wayon ƙanwa ce kawai. Sai da maigidana ya kwanta jinya shekara guda na gane sauran. Manyan dangi sun zo sau ɗaya da mota da alkawura masu yawa. Wadda ta riƙe ni maƙwabciyata ce mai sayar da ƙosai, wadda kullum da safe za ta leƙo ta katanga ta ce, "Kun tashi lafiya? Kawo yaran nan in yi musu wanka." Ba ta da komai, amma kullum tana kusa.

Iya ta rasu ban taɓa ce mata na gode ba, don yaro bai san ana godiya a kan irin wannan ba. Yanzu duk asuba, in kiran salla ya shigo mini ta kunnen nan na hagu tar, ita nake fara sawa a addu'a.